Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, in faɗi albarkacin bakina a kan maganar da ta cika kwalejin nan tun farkon zangon karatu, watau maganar shafin intanet da Ƙungiyar Ɗalibai ta ce za ta buɗe. Kowa ya ji an yanka mana abin da kowane ɗalibi zai bayar, an kuma naɗa kwamiti, har na ji ana cewa an fara neman wanda za a ba aikin, wai don a buɗe shafin kafin ranar bikin yaye ɗalibai. Niyya dai kyakkyawa ce, ba mai musun wannan. Amma ni a ganina kada kwamiti ya ba kowa ko kwabo tukuna, sai an zauna an rubuta a takarda abin da shafin zai ƙunsa, da yadda za a jera shi, da wanda zai riƙa kula da shi bayan an gama. Ga dalilaina nan zan kawo, in na yi kuskure masu sani su gyara mini, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bara, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni sai rabona ya faɗa wata makaranta a wajen Ushafa, garin Gbagyi da ke gindin duwatsu a yankin Bwari, kusa da madatsar ruwa ta Usuma. Kowa ya san garin nan da ginin tukwane ya yi suna. Akwai cibiyar ginin tukwane da aka kafa a can a zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida, a can kuma aka kai Shugaban Amurka Bil Kilinton ziyara cikin watan Agusta na 2000, har aka naɗa shi Ɗan Masanin Ushafa. To, a gidan da na sauka akwai wata tsohuwa maginiya, in na taso daga makaranta da la'asar nakan zauna in yi ta kallon aikinta. Takan jiƙa yumɓu, ta kirɓa shi, ta gauraya da garin tsingaro, sa'an nan ta murza shi kamar igiya tana ɗorawa tana zagaya tukunyar da baya da baya, tana shafewa, har abu ya tashi sumul kamar an auna da ma'auni.

Ran nan na ga ta fara wani gini, na ce, "Iya, me zai hana ki yi ta ɗorawa kurum, in ya tashi sai ki ga ko tulu ya fi dacewa da shi ko tukunya?"

Ta yi dariya, ta ce, "Kai Malam, ashe karatunku bai kai nan ba? Tun ban taɓa yumɓu ba na san abin da zan gina, na san kuma wadda za ta saya. Tulu wuyansa ƙarami ne don kada ruwa ya zube a hanya. Tukunya bakinta da faɗi don muciya ta sami wurin juyawa. Randa kuwa gindinta tun daga ƙasa ake ba shi ƙarfi. In na fara gindin tulu ba ya zama randa. Zane ma tun yumɓu na da danshi ake yinsa, in ya sha wuta ko ka yi kuka ba ya karɓa."

A ran nan na fahimci karin maganar nan da muke ji tun muna yara, tun ran gini tun ran zane. Na kuwa ji kunya ƙwarai, domin a daidai lokacin nan ni kaina ina cikin ginin wani tulu wanda ban san mai ɗaukarsa ba.

Ga yadda abin ya faru. Da aka ga ina ɗan taɓa kwamfuta, sai aka roƙe ni in yi wa makarantar shafi. Ni kuwa da ɗokin a ce na iya, ban tambayi kowa kome ba, na kwana uku a gaban kwamfuta. Na sa babban hoton ƙofar makaranta, da hotuna masu wucewa ɗaya bayan ɗaya, da doguwar gaisuwar maraba da Turanci mai wuya. Na yi ƙofofi goma sha biyu a saman shafin, rabinsu in ka taɓa ba abin da za ka tarar sai alkawarin cewa labari na nan tafe. Kowa ya gani a kwamfutata ya yaba, ni kuwa sai hura hanci.

Ba a yi wata guda ba sai ga wata uwa ta zo a kan acaɓa, ta biya kuɗin zuwa da komawa, ba don kome ba sai don ta tambayi ranar da za a koma makaranta bayan hutun tsakiyar zango. Ta ce ɗanta ya buɗe mata shafin a waya, hotuna suka yi ta lodi har data ta ƙare, ba su ga ranar ba. Ba za su gani ba kuwa, don ban sa ba. Babu ranar komawa, babu jerin littattafan da za a saya, babu kwatancen hanya, lambar wayar ofis ma tana can ƙarshen wata ƙofa da ba mai leƙawa. Da na gama kwanakina na tafi, na tafi da kalmar sirrin a kaina. Da shekara ta zagayo ba wanda ya san ana sake biyan kuɗin adireshi, shafi ya mutu murus. Laifin nan duk nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Na faɗe shi ne don kada ƙungiyarmu ta faɗa ramin da na faɗa, da kuɗin ɗalibai kuma, waɗanda da yawansu sai iyayensu sun sayar da hatsi ko akuya suke samun na makaranta.

Kada a ce ni kaɗai ne marar sa'a. A 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta ba da rahoto cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke intanet a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Ashe kuwa buɗe shafi ba shi ne wuya ba, a ce yana da amfani, ya kuma daɗe, nan aikin yake.

Mu da ke zaune a wannan yanki ba ma bukatar a je da mu nesa neman misali. Birnin Abuja kansa a takarda ya fara. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta naɗa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba maganar sabon babban birni, cikin watan Fabrairu 1976 aka kafa dokar da ta yanke wannan yanki, a 1979 aka miƙa babbar taswirar birnin, amma gwamnati ba ta taso daga Ikko ba sai ran 12 ga Disamba 1991. Madatsar Usuma da ke bayan Ushafa, wadda birnin ke shan ruwanta, an gina ta tun kafin wannan ƙaura. Watau an tanadi ruwa kafin a kira baƙi. Wannan shi ne amfanin tsari.

Amma fa labarin Abuja yana da darasi na biyu, wanda ya fi na farkon ɗaci. Da fari an ɗauka za a kwashe dukan mazaunan asali a kai su wajen yankin, daga baya aka ga abin ba zai yiwu ba. Haka kuma leburori da direbobi da ƙananan ma'aikata da suka gina birnin, da yawansu ba su sami wurin zama a cikinsa ba, sai garuruwan gefe irin su Nyanya da Dutsen Alhaji suka cika suka batse, ga cunkoson motoci safe da yamma. Tsakanin 2003 da 2007 an yi ta rusau da sunan komawa kan taswira, mutane da yawa suka yi hasara. Abin da na koya a nan shi ne, tsarin da aka yi a ofis ba a tambayi masu zama a ciki ba, ko ya yi kyau a takarda sai ya bar baya da ƙura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga abubuwa shida da nake roƙon kwamiti ya yi kafin a kira magini.

Na farko, a tambaya: wane ne zai shigo shafin nan, me kuma ya kawo shi? Akwai yaron da ya gama sakandare a ƙauye yana son ya san darussan da ake koyarwa da sharuɗɗan shiga. Akwai uba mai son sanin kuɗin makaranta da ranar komawa. Akwai mu da ke ciki, masu neman jadawalin jarrabawa da sanarwar gwajin koyarwa. Akwai tsohon ɗalibi mai neman hanyar karɓar takardar shaidarsa, da hedimasta mai neman malamin lissafi. Kada kwamiti ya zauna a ɗaki ya ƙago bukatunsu. A je a tambayi maigadin bakin ƙofa da akawun ofishin rajista irin tambayoyin da aka fi yi musu kullum, a tambayi sababbin ɗalibai abin da ya ba su wuya a makonsu na farko. Amsoshin nan su ne harsashin gini. Ko gwamnatin Ingila, da za ta haɗa shafukanta wuri guda a 2012, da jerin bukatun talakawa ta fara, ba da jerin ma'aikatu ba.

Na biyu, a tara kaya a ƙidaya. Kowane abu da aka ce za a sa, a rubuta a gabansa ko yana nan a hannu ko babu, da sunan wanda zai rubuta shi, da ranar da zai kawo. Ƙofar da ba a sami abin sawa a bayanta ba, kada a yi ta. Gara ɗaki uku da shimfiɗa da ɗaki goma sha biyu kango.

Na uku, a jera. Dabarar nan ba ta cin ko sisi. A yanka kwali ƙanana ƙanana, a rubuta abu ɗaya a kan kowanne, a ba ɗalibi ya kasa su kashi kashi yadda ya ga sun dace, ya kuma ba kowane kashi suna. A sake ba wani, da wani, har a ga inda ra'ayinsu ya haɗu. Daga nan sai a zana taswirar shafin kamar tsarin gidanmu na gargajiya. Shafin farko shi ne zaure, inda baƙo zai yi sallama a nuna masa hanya, ba a jibge masa dukan kayan gida a nan. Ƙofofin da ke fita daga zauren kada su wuce biyar ko shida, a kuma ba su suna da bakin baƙo, kamar "Neman Shiga" da "Kuɗin Makaranta", gama baƙo bai san sunayen ofisoshinmu ba. Sa'an nan a zana kowane shafi da fensir a takarda daidai faɗin fuskar waya, tun da yake yawancinmu da waya muke shiga, a miƙa wa wanda bai san kome game da aikin ba, a ce ya nuna inda zai taɓa in yana neman ranar jarrabawa. In ya ɓata, sai a sa roba a goge a sake. Gyaran fensir kyauta ne, gyaran magini kuwa da kuɗi.

Na huɗu, a yanke maganar harshe tun yanzu. In za a yi da Hausa da Turanci, to, a tsara su tare, kada a gama na Turanci sa'an nan a ce wani ya juya a gurguje daren buɗewa. A kuma tabbata irin rubutun da aka zaɓa yana fitar da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Magabatanmu na Zariya da suka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Malam Abubakar Imam na edita, sun sha wahalar tsayar da ƙa'idar rubutun nan, bai kamata kwalejin horon malamai ta zubar da ita ba. In ba a kula ba, sai mu rubuta muna maraba da baƙi, a karanta muna maraba da baki. Hotuna su zama kaɗan, marasa nauyi, don tausayin mai ƙaramar data, kowane hoto kuma a rubuta masa ɗan bayani, domin 'yan'uwanmu makafi da wayarsu ke karanta musu rubutu su san abin da ke ciki.

Na biyar, amana. Za a so a sa sunaye da hotuna, watakila har da sakamakon jarrabawa da hotunan yaran da muka koyar a makarantun gwaji. A yi hattara. Tun watan Yuni 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, ai ladabi ya hana ka kafa hoton ɗan wani a kasuwa ba da iznin ubansa ba. A rubuta tun yau abin da za a sa a fili, da abin da ba za a sa ba ko kusa.

Na shida, shi ne wanda ya kashe nawa shafin: wa zai riƙa shara? Adireshin shafi haya ce, ana biya shekara shekara. Adireshin da ke ƙarewa da .ng yana ƙarƙashin kulawar hukumar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ana kuwa yin rajista ta hannun wakilanta. A yi rajistar da sunan ƙungiya, kada a yi da sunan magini ko na wani ɗalibi da zai gama ya tafi. Kalmar sirri ta kasance a hannun shugabanni biyu da malamin da ke uban ƙungiya, a sa ta cikin abin da ake miƙa wa sababbin shugabanni kowace shekara. A ware kuɗin sabuntawa a cikin kasafi. Kowane shafi a san mai duba shi da lokacin dubawa, domin tsohuwar sanarwa ta fi rashin sanarwa ɓarna, ita ce ke sa mutum ya taso daga nesa a ranar da ba ita ba, ita ce kuma ke ba 'yan damfara ƙofar cewa su ne ke da sabon labari.

Na san akwai masu ja da ni, na kuwa saurari hujjojinsu a ɗakin cin abinci da gindin bishiyar taro. Waɗansu sun ce lokaci na ƙurewa, sauran kwalejoji duk sun riga mu. Ni kuwa na ce sauri ya haifi nawa. Abin da nake roƙo bai wuce aikin mako uku ba. Magini da aka miƙa wa taswira da rubutu a shirye ya fi saurin gamawa bisa wanda zai yi ta bin mutane ofis ofis yana roƙon abin da zai sa. In ma bikin ya zo ba a gama ba, wace hasara aka yi? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗansu sun ce shafin intanet ai ba yumɓu ba ne, ko yaushe ana iya sake shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, na yarda ana canja kalma ko hoto cikin minti guda, na kuma yarda ba tsarin da zai hango kome da kome, tilas a yi ta gyara bayan an buɗe. Amma sake jeri dukansa wani abu ne dabam. Mutane sun riga sun saba da hanya, an rarraba adireshin shafuka a WhatsApp, an buga a takardu, magini kuma ya karɓi kuɗinsa ya kama wani aiki. Wa zai sake yanka wa ɗalibai kuɗi karo na biyu?

Waɗansu sun ce Facebook da WhatsApp sun ishe mu. Suna da amfaninsu, ban raina su ba, amma kamar mai shela suke a kasuwa, wanda ba ya nan sa'ad da aka yi shela ya rasa, sanarwar jiya kuma ta nutse ƙarƙashin gaisuwar yau. Shafi kuwa kamar allon sanarwa ne mai kulle, abin da aka kafa yana nan inda aka san shi. A yi amfani da su wajen kiran mutane, shafi ya zama inda za a zo a tabbatar.

Waɗansu kuma sun ce wannan aikin gwanaye ne, yanzu ma akwai na'urori masu ƙirƙirarriyar basira da ke gina shafi kafin ka sha kofin shayi. Haka ne. Amma gwani da na'ura duka abin da ka faɗa musu shi za su gina, ba su san abin da maigadinmu ya sani ba. Saurin ginin ma shi ya ƙara wajabta tsari, don yanzu cikin sauƙi mutum zai tara shafuka ɗari na banza. Shi kansa Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙago wannan hanya ta shafuka a cibiyar bincike ta CERN a ƙasar Suwizalan, takarda ya fara rubutawa cikin watan Maris 1989, da zanen yadda abubuwa za su haɗu da juna, sai a 1991 duniya ta ga shafin farko. Shafin nan kuwa rubutu ne zalla, ba hoto ba ado, amma ya gaya wa mai shiga abin da ya zo nema.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce mu, masu koyon aikin malanta, mu ne za a roƙa mu yi tsari. Wane ne a cikinmu aka taɓa bari ya shiga aji ba tare da shirin darasi da malami ya sa wa hannu ba? Kullum ana koya mana mu rubuta manufa, mu san abin da yara suka riga suka sani, mu tanadi kayan aiki, mu jera matakai daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a ƙarshe mu auna ko an fahimta. To, shafin nan ai darasi ne za mu koyar da mutanen da ba mu gani, waɗanda ba su da halin ɗaga hannu su ce, "Malam, ban gane ba." In sun rikice rufewa za su yi su tafi, su kuma tafi da ra'ayin cewa haka koyarwarmu take.

Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ba ta shiga cibiyar Michael Cardew da ke tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, ba sai a 1954, bayan ta riga ta gwanance a ginin gargajiya na mutanenta. Sababbin kayan aiki da ta samu a can sun tarar da hannu da ido da suka san abin da suke so su gina, shi ya sa tukwanenta suka zaga duniya. Mu ma sabon kayan aiki ya zo mana, saura mu san abin da muke so.

Saboda haka ina roƙon shugaban kwamiti da 'yan kwamitinsa, don Allah a dakata da ba da aikin nan mako uku. Makon farko a yi tambaya a tara kaya, na biyu a jera a zana, na uku a kafa taswirar a allon sanarwa kowa ya gani ya faɗi ra'ayinsa, malamai da ɗalibai da ma'aikata. Bayan haka a kira magini a miƙa masa, a kuma biya shi kashi kashi gwargwadon abin da ya cika. Ni dai na ba da kaina, in ana bukatar mai yanka kwali ko mai bin mutane da tambaya, ga ni, ko banza ina da bashin uwar nan da ta hau acaɓa saboda sakacina.

Allah ya ba kwamiti basira, ya sa albarka a cikin kuɗin da aka tara, ya ɗaukaka kwalejinmu. Haza wasalam.